Inhelar da take fesa kanta: wata tara ina amfani da Easi-Breathe, ga abin da na gani

Tun ina aji biyu na ƙaramar sakandare a Zariya nake fama da asma, yau sama da shekara ashirin kenan shuɗiyar inhela, wadda ake fesawa a baki in numfashi ya sarƙe, bata rabuwa da aljihuna, ko masallaci zan fita sai na laluba na ji tana nan kafin na rufe ƙofa. Amma wallahi sai bara, a wani ɗan ɗaki na asibitin unguwarmu nan Manchesta, na gano cewa duk tsawon shekarun nan ban iya shaƙarta ba.

Anan Ingila duk mai asma ana kiransa sau ɗaya a shekara nas ta duba shi. Na je, ta kalli kwamfuta ta ce min a wata goma sha biyu na karɓi shuɗiyar inhela guda bakwai, kuma wannan ya yi yawa sosai, sai ta ɗauko wata ta gwaji wadda babu magani a ciki ta miƙo min ta ce in nuna mata yadda nake yi a gida. Na girgiza, na sa a baki, na danna, na zuƙa da ƙarfi kamar yadda na saba. Ta ce in bata wayata ta ɗauke ni bidiyo in sake. Da muka kalla tare sai ga wani farin hayaƙi siriri yana fitowa ta gefen bakina, kuma a bidiyon ƙarara ake ganin yatsana ya riga ƙirjina, na danna tukunna sannan na fara jan numfashi. Tazarar bata kai sakan ɗaya ba. Ta tambaye ni ko ina jin ɗanɗanon maganin a harshe, na ce sosai ma, ai da haka nake gane ya shiga. Ta girgiza kai ta ce wanda ka ji a harshe ai a harshe ya tsaya, huhu bai gan shi ba.

Maganar nan ta daɗe tana min yawo a kai. Na tuna dararen hunturu a gida, ina zaune na dafa gwiwa ƙirjina na kuka kamar kyanwa, na fesa biyu shiru, na ƙara biyu shiru, har a ce maganin ne jabu ko kuma jikina ya saba da shi, a ƙarshe a ɗauke ni a mashin zuwa asibiti a yi min allura. Ashe mafi yawansa a bakina da maƙogwarona yake ƙarewa ina haɗiye shi da yawu.

Don wanda bai san yadda abin yake ba: inhela ta gama-gari ɗan gwangwani ne da aka cika da magani da wani iskan gas mai matsi, kana dannawa sai bawul ɗin, wato ɗan makullin bakin gwangwanin, ya saki awo ɗaya, a salbutamol, wato maganin da ke cikin shuɗiyar, maikirogiram 100 ne duk fesawa, gwangwani ɗaya kuma yana da fesawa 200. Feshin yana fita da gudu kuma bai kai rabin sakan ba ya ƙare. To dole ya tarar da iska tana kan hanyar shiga ƙirji a hankali, ita ce zata ɗauki ƙananan ƙwayoyin maganin ta wuce dasu lanƙwasar maƙogwaro har ƙasan huhu inda hanyoyin iskar suka tsuke. In ka riga dannawa ya manne a baki. In ka makara huhun ya riga ya cika babu wurin shiga. In ka zuƙa da ƙarfin tsiya ya bugi bayan maƙogwaro ya tsaya. Kuma duk wannan lissafin ana so ka yi shi ne a lokacin da kake neman numfashi ido rufe, hankalinka a tashe, hannunka na rawa. Tun 1956 aka fito da irin wannan inhelar a Amurka, kamfanin Riker ne ya yi ta bayan 'yar shugaban kamfanin mai shekara 13, wadda ke da asma, ta tambayi babanta me yasa ba za a sa maganinta a gwangwanin fesawa irin na man gashi ba. Babbar rahama ce ga duniya, amma tun daga lokacin matsalar haɗa yatsa da numfashi take bin ta.

Nas ɗin ta koya min sau uku a zaune, na gyara a gabanta, amma ta ce ta san halin abin, hannu da ya shekara ashirin yana abu ɗaya ranar da ciwo ya taso tsohuwar hanyarsa zai koma. Shine ta rubuta min Salamol Easi-Breathe, maganin ciki dai salbutamol ne irin wanda na sani, gidan da aka saka shi ne daban.

In ka gan ta zaka ce inhela ce da ta ɗan yi ƙiba. Gwangwanin a rufe yake ruf a cikin roba baka ganinsa balle ka danna, saman akwai wasu 'yan ramuka na shigar iska, murfin bakin kuma a maƙale yake da jikinta, lanƙwasa shi ƙasa ake yi ba cirewa ba. Wannan buɗe murfin shine yake ɗana ta, akwai sifirin a ciki da yake zama a shirye kamar tarko. Kana sa ta a baki ka fara jan numfashi, iskar da ta biyo ta ramukan nan sai ta ture wani ɗan fiffike a ciki, shi kuma ya saki sifirin ɗin ya danna gwangwanin. Shikenan. Babu batir babu caji babu waya, numfashinka ne da kansa yake ba da umarni, don haka babu yadda za a yi feshin ya riga ka ko ya makara. Kuma bata buƙatar zuƙa mai ƙarfi, iska wajen lita 20 a minti ta isa ta tashe ta, wanda ko dattijo yana iya wannan.

Ranar farko da na gwada a falo na ɗan firgita, don ban san daidai lokacin da zata fesa ba, ina fara zuƙa sai na ji ƙas da ɗan sanyi a maƙogwaro, sai na tsaya cak da numfashin. Wannan kuskure ne kuma takardar cikin kwalin ta yi gargaɗi a kai, in ka ji ta fesa kar ka tsaya, ci gaba da ja a hankali har ƙirji ya cika, ka cire ta ka riƙe numfashi kamar sakan goma ko iya yadda zaka iya. Kwana biyu uku na saba. Abin da na fara lura dashi shine ɗacin nan na harshe ya ragu ƙwarai, na biyu kuma, wanda shine ya sa na zauna nake rubuta wannan dogon bayanin, fesawa ɗaya tana min aikin da da sai na yi uku ko huɗu. Wani dare a watan Janairu na dawo daga aiki, sanyi kamar ya tsaga ƙashi, na yi gudu kaɗan don in kama bas, ina zama a kujera na ji ƙirjin ya fara ɗaurewa da wannan ɗan fito-fiton da duk mai asma ya sani. Na fito da ita da safar hannu a hannuna ko cirewa ban yi ba, na girgiza, na buɗe, na zuƙa sau ɗaya na rufe. Kafin mu kai tasha ta uku na ji kamar an kwance min igiya daga haƙarƙari. Na jingina kaina da gilashin motar ina ta hamdala a zuci, wallahi har idona ya kawo ruwa, don na tuna irin wahalar da na sha a banza.

Ba ni kaɗai ba ne ashe. Akwai wani bincike da aka yi a Landan a 1991 da wata inhela mai irin wannan dabarar da ake kira Autohaler, aka auna yawan maganin da ke isa huhu. Waɗanda basu iya haɗa dannawa da zuƙa ba kusan kashi 7 cikin 100 ne kawai ke isa huhunsu da inhela ta gama-gari, da aka basu mai fesa kanta sai ya haura zuwa wajen kashi 20. Waɗanda dama sun iya kuwa basu ga wani bambanci ba. To wannan ya kamata a riƙe, in kai gwani ne wajen shaƙar taka, wannan ba zata ƙara maka komai ba, don irinmu aka yi ta. Ita Autohaler ɗin na taɓa ganinta hannun wani abokin aikina, tana da ɗan hannu a sama da ake ɗagawa kafin a zuƙa a mayar bayan an gama, kuma ƙararta ta fi ta tawa. Ni na fi son tsarin murfin don abu ɗaya ne kawai zaka tuna.

Yanzu inda take da saura, don duk abin da ɗan Adam ya ƙera baya rasa saura.

Babban abin da nake so a ce tana dashi shine lambar ƙirga fesawa. Babu. Kuma tunda gwangwanin a ɓoye yake sai ka kwance saman kafin ma ka gan shi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin inhela tana iya ci gaba da fitar da iska da ƙara bayan maganin ciki ya ƙare, kai kana ganin kana shan magani alhali gas ne zalla. Wasu suna jefa gwangwanin a kofin ruwa wai in ya taso ya ƙare, kar ku yi, ba abin dogaro ba ne kuma ruwa yana iya ɓata bawul ɗin. Ni dabarar da na yi, na manna farar takarda a jikinta na rubuta ranar da na buɗe, duk fesawa na ja ɗan layi da biro, in na kai 180 sai na nemi sabuwa. Kuma kullum akwai ta biyu a durowa.

Sai maganar murfi. Duk fesawa ɗaya sai ka rufe murfin ka sake buɗewa kafin ta sake ɗanuwa, in likita ya ce biyu zaka sha to ka zuƙi ta farko, ka rufe tana tsaye, ka jira kamar minti ɗaya, ka girgiza, ka buɗe, ka sake. Kuma ba a barin ta a buɗe. Ramukan saman ma dole ka kula kar yatsa ko tafin hannu ya toshe su, in ka toshe iska ba zata wuce ba kuma ba zata fesa ba, ni a satin farko riƙon da na saba yi wa tsohuwar, yatsa a sama babban yatsa a ƙasa, shi hannuna ke komawa, sai da na koyi riƙe ta ta gefe kamar kofi. In sabuwa ce ko ka yi kwana biyar baka taɓa ta ba, sai ka kwance saman ka danna gwangwanin sau biyu a iska tukunna. Wanki sau ɗaya a sati, ka cire gwangwanin, ka ɗauraye robar ƙasan da ruwan ɗumi ka bar ta ta bushe sarai har kwana, saman kuma mai sifirin ɗin kar ruwa ya taɓa shi ko kaɗan. Wanda baya son ɗawainiya zai ga kamar da yawa, amma ramin da maganin ke fita ƙarami ne kamar bakin allura, in ya toshe ka shiga uku a daren da kake buƙatarta.

A aljihun wando tana ɗan yin tudu, a aljihun kaftani kuwa lafiya lau.

Abu mafi muhimmanci cikin iyakokinta: ba a haɗa ta da sifesa, wato wannan bututun roba mai kama da kwalba da ake sa inhela a gindinsa a fesa a ciki sannan a shaƙa ta ɗaya bakin. Kuma ranar da ciwo ya taso da gaske, irin wanda ko jimla ɗaya baka iya ƙarasawa, inhela ta gama-gari da sifesa su ne aka fi so, don ko numfashin sama-sama kake yi maganin yana nan a cikin bututun yana jiranka. Shawarar da ake bayarwa anan ita ce ka zauna a miƙe, fesawa ɗaya duk sakan 30 zuwa 60 har zuwa goma, in babu sauƙi ko abin na ƙaruwa a kira lambar gaggawa ta 999. Saboda haka ni har yanzu ina da tsohuwar irin da sifesa a gida, nas ɗin ma ita ta ce in ajiye. Ƙananan yara ma wannan ba tasu ba ce, yaro ɗan shekara uku huɗu ba zai iya rufe leɓe ya ja dogon numfashi a hankali ya riƙe ba, nasu sifesa ne mai abin rufe hanci da baki.

Akwai wani abu da na ga ya kamata 'yan uwa Musulmi su sani don kar mutum ya karanta takarda ya tayar da hankalinsa. Salamol akwai ɗan sinadarin etanol a cikinta, wato alkohol, kaɗan ne ƙwarai a kowace fesawa kuma an sa shi ne don ya taimaki maganin ya gauraya da gas ɗin, ba abu ne da zai bugar da kowa ba. Ni na tambayi malamin da nake karatu wajensa hankalina ya kwanta, wanda kuma zuciyarsa bata natsu ba ya gaya wa likita, akwai salbutamol da babu shi a ciki. Haka maganar azumi, malamai sun saɓa, irin su Shaikh Bin Baz da Shaikh Ibn Usaimin sun tafi a kan cewa inhela bata karya azumi, wasu kuma suna ganin tana karyawa sai a rama. Kowa ya bi malaminsa. Abin da dai nake roƙo don Allah kar wani ya zauna numfashinsa na sarƙewa da rana tsaka yana jiran a kira magariba, addini bai ɗora wa kowa haka ba.

Kuɗi kuwa, anan Ingila fam 9.90 ake biya kan kowane magani ɗaya da likita ya rubuta ko wace irin inhela ce, masu asma basa cikin waɗanda aka yafe wa saboda ciwonsu, sai dai yara da 'yan shekara 60 zuwa sama da wasu rukunai. A Sukotlan da Wels kyauta ne. Ni na sayi takardar biyan shekara ta fam 114.50 don ina karɓar fiye da ɗaya a wata wani lokacin, ta fi min sauƙi.

Wani zai ce to ina labarin masu haɗuwa da waya, ai yanzu zamaninsu ne. Na gwada. Kafin a canza min, na taɓa samun wata 'yar na'ura da ake ɗora wa a kan inhela ta gama-gari, tana haɗuwa da waya ta Bluetooth, duk sanda ka danna sai ta rubuta lokaci a manhaja, in lokacin maganin safe ya yi ta yi maka ƙara. Tana da amfaninta, ita ta fara nuna min a zane cewa yawancin fesawata tsakanin ƙarfe biyu da huɗu na dare ne da kuma ranakun da na kunna turaren wuta a ɗaki. Amma ita dannawa kawai take ƙirgawa, bata san ko maganin ya shiga huhu ko ya fita ta gefen baki ba, wata uku tana rubuta min cewa na sha magani alhali harshena nake shafawa. Ga kuma yawan yankewa da waya, in ka manta baka buɗe manhajar ba sai ka tarar kwana biyu babu komai. Akwai waɗanda suka fi ta wayo, kamar Digihaler da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a ƙarshen 2018, ita na'urar a cikin jikinta take kuma har ƙarfin zuƙar mutum tana aunawa, amma an daina sayar da ita a 2024.  Ni dai a nawa ganin, wanda matsalarsa mantuwa ce na'urar waya zata taimake shi, wanda matsalarsa irin tawa ce ta yatsa da numfashi, ɗan sifirin ɗin nan da babu batir ya fi masa duk wata manhaja.

Sannan in ban faɗi wannan ba na ci amanar mai karatu. Raguwar da na samu daga inhela bakwai a shekara zuwa ɗaya da 'yan kai a wata tara, ba Salamol ce kaɗai ta yi ba. A ranar nas ɗin ta canza min ɗaya inhelar tawa ta rigakafi ma, wadda ake ce wa mai ruwan ƙasa, ta koma Qvar Easi-Breathe, beklometason ne a ciki, safe da dare ko ina jin ciwo ko bana ji, in na gama na kurkure baki na tofar saboda kar farin ƙurajen baki su fito ko murya ta dushe. Da can wasa nake da ita don bana jin aikinta nan take, kuma ita ma ashe a harshe nake zubar da ita. Shuɗiyar buɗe hanya kawai take na awa huɗu zuwa shida, kumburin da ke cikin hanyoyin iskar yana nan, ta rigakafin ce ke kwantar da shi. Wani rahoto da ƙungiyar likitocin Ingila ta fitar a 2014 ya bi diddigin mutum 195 da asma ta kashe, da yawansu an rubuta musu shuɗiya fiye da 12 a shekararsu ta ƙarshe, ta rigakafin kuma basa karɓa yadda ya kamata. Shi yasa tun 2019 masana asma na duniya suka daina ba da shawarar a riƙe mutum da shuɗiya ita kaɗai, kuma a Nuwamba 2024 Birtaniya ma ta sabunta ƙa'idarta zuwa inhela guda mai haɗe da maganin buɗewa da na rigakafi. Nas ɗin ta ce a zuwa na gaba zamu tattauna ko a mayar dani kan wannan tsarin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 262 ne ke da asma kuma ta kashe 455,000, mafi yawa a ƙasashe irin namu, don haka ba ciwon wasa ba ne.

A Disamba na je gida, hazo ya sauko har baka hango ƙarshen layinmu, ga hayaƙin janareta ga na maganin sauro. Nan ne ainihin jarabawar, kuma ta ci, kwana ashirin da uku na yi ban kwana a zaune ko sau ɗaya ba. Ƙura ce kawai abin kula, na riƙa sa ta a 'yar jakar leda mai zif saboda ramukan saman, na kuma ƙara yawan wanke bakin. Na zaga kemis uku huɗu a Sabon Gari ina tambaya ko suna da irinta, babu wanda ya taɓa gani, ta gama-garin ma kuɗinta ya ninninka tun 2023, har na ga wata mata ta tambayi farashi ta yi shiru ta ce a bata ƙwayoyin salbutamol na naira ɗari biyu. Abin ya tsaya min a rai.

Mahaifiyata ma tana da shi, daga wajenta na gada. Wata asuba na shiga gaishe ta na tarar tana zaune bakin gado tana numfashi da ƙyar, ta ɗauko tata daga ƙarƙashin filo, ta buɗe baki ta fesa daga nesa sau biyu a jere ta rufe baki ta haɗiye, ga yatsunta dama sun kumbura da ciwon gaɓɓai sai da ta haɗa hannu biyu kafin ta iya dannawa. Na ce Mama ashe haka kike sha? Ta ce to Babana ya ake yi, ai ni bana ma son yawan taɓa ta, an ce in mutum ya saba da ita shikenan ba ya rabuwa da ita kuma tana cin zuciya. Na zauna kusa da ita na ce Mama wallahi ba haka ba ne, bata sa jaraba, bugun zuciyar da rawar hannun da kike ji ma ƙwayar da kike haɗiya ta fi kawo su, don ita duk jiki take zagawa kafin ta je huhu. Ta kalli tawa ta ce to bar min irin taka mana tunda ita da kanta take yi. Na so ƙwarai, irinta aka yi wa ita, mai ciwon yatsu da bata iya dannawa, amma in ta ƙare a wata biyu a ina zata samu wata, kuma ban so in canza mata magani ba da sanin likitanta ba.

Sifesata na ba ta, sabuwa ce dama na taho da ita. Muka je wajen likitan da ke duba ta ya ce madalla, ya kuma rubuta mata ta rigakafi wadda rabonta da ita an fi shekara. Ya ce ko babu ta kanti, gorar ruwa ta roba mai rabin lita ana huda gindinta daidai bakin inhela ta yi aikin, kuma gaskiyarsa, Farfesa Heather Zar ta gwada haka a kan yara a asibitin yara na Red Cross da ke Kef Tawun a Afirka ta Kudu tun 1999 aka ga gorar ta yi kafaɗa da kafaɗa da sifesar kanti. Ƙanwata ce yanzu ke danna mata, fesawa ɗaya a cikin bututun, Mama ta ja numfashi ta saki sau huɗu biyar a hankali, sannan a girgiza a sake ta biyu. Daren farko da muka yi haka ta yi barci har sai da aka tashe ta sallah.

Wanda ke zaune a inda ake samunta, babba ne ko yaro da ya yi wayo, kuma yana jin ɗacin magani a harshe ko yana ganin hayaƙi na fita daga bakinsa in ya fesa, ya tambayi likitansa ko nas game da mai fesa kanta, ni a wajena ta biya kuma zan ci gaba da ita. Kafin nan ma ya ba wani wayarsa ya ɗauke shi bidiyo yana shaƙar tasa, ya kai wa likita ko mai kemis da ya san aikinsa su kalla tare. Jiya na yi waya da Mama ta ce in na tashi aiko saƙo in haɗo da sifesa guda biyu, ɗaya ta maƙwabciyarta ɗaya ta jikan Hajiyar gidan gaba, ta ce ɗan shekara biyar ne don haka mai abin rufe hanci zan nemo.